Kafin Bayajidda akwai Daura: Me ya gabaci kumburin sararin samaniya?

Duk baƙon da aka kai rijiyar Kusugu a Daura, labari ɗaya ake fara ba shi. Wani matafiyi ya iso garin da dare, ya nemi ruwa a gidan wata tsohuwa, aka ce masa ba a ɗiba sai ranar Juma'a saboda macijin da ya tare rijiyar. Ya karɓi guga ya tafi, ya kashe macijin, ya auri Sarauniya Daurama, daga zuriyarsa aka samu Hausa Bakwai. A nan yawancin masu ba da labarin suke kafa "farko".

Sai dai labarin da kansa ya tona cewa akwai abin da ya riga wannan farkon. Bayajidda ya tarar da rijiya haƙaƙƙiya, da gari mai sarauniya da dokar ɗibar ruwa, kuma wuƙar da ya yi aikin da ita maƙeran Gaya ne suka ƙera masa. Jerin sarautar Daura ya lissafa Magajiyoyin da suka gabaci Daurama tun daga Kufuru, lokacin da fada take Tsohon Birni. Masanin tarihi Abdullahi Smith ya yi wannan muhawara tun 1970, inda ya nuna cewa labarin ya fi kama da bayanin sauyin tsarin mulki fiye da bayanin asalin Hausawa.

Masana kimiyyar sararin samaniya suna da nasu Bayajiddan. Wani ɗan taƙaitaccen lokaci ne da suke cewa samaniya ta yi mahaukacin kumburi, sannan duk abin da ake gani yau ya biyo baya. A bidiyon da ke yawo a wayoyi, har da wasu littattafan makaranta, ana gabatar da wannan kumburi kamar ya share duk abin da ya gabace shi, ya bar allo wankakke. Hakan bai cika daidai ba. Hasashen da nazariyyar kumburi take yi ya rataya ne a kan yadda abubuwa suke kafin kumburin ya fara, kuma ya kamata mai koyarwa da mai yaɗawa su riƙa faɗin haka a fili.

Hasken da ya fi kowane tsufa

A fara da abin da aka auna. A 1929 Edwin Hubble ya nuna cewa gungun taurari masu nisa suna ƙara nesanta, kuma mafi nisa ya fi gudu. Shekara biyu kafin nan wani limamin Katolika ɗan ƙasar Beljiyam, Georges Lemaître, ya riga ya fitar da hakan ta hanyar lissafi. Idan sarari yana faɗaɗa, to a da ya fi haka matsuwa da zafi.

Shaidar ta zo a 1965. Arno Penzias da Robert Wilson, ma'aikatan Bell Labs a jihar New Jersey ta Amurka, sun rasa yadda za su yi da wata 'yar ƙara da eriyarsu take kamawa ta kowace fuska, dare da rana. Har kashin tattabarun da suka yi sheƙa a cikin eriyar suka kankare, ƙarar ba ta tafi ba. Ashe ragowar hasken da ya kuɓuta ne tun samaniya tana da shekara kusan 380,000, a cikin shekarunta kimanin biliyan 13.8 na yanzu. Wanda ya taɓa kallon tsohuwar talabijin mai eriya bayan an rufe tasha ya ga ɗan kaso kaɗan na wannan haske a cikin yayyafin fari da baƙin nan.

Tsohon hasken ya huce ƙwarai, zafinsa digiri 2.7 ne kacal sama da ƙarshen sanyin da zai yiwu. Abin mamaki shi ne daidaitonsa. Tauraron ɗan'adam na COBE ya gano a 1992 cewa bambancin zafi tsakanin wani sashe na sama da wani bai wuce kusan kashi ɗaya cikin 100,000 ba. WMAP da aka harba a 2001 da Planck na Turai da aka harba a 2009 sun zana taswirar waɗannan tabo-tabo na ɗumi da sanyi dalla-dalla. Daga waɗannan 'yan tabo ne gungun taurari suka tsiro.

Wannan daidaito shi ne matsalar. A ɗauka wata mata a Kongolam ta dama kunu, wata a Baure ta dama nata, ba su san juna ba, ba wanda ya kai saƙo tsakaninsu, amma aka auna aka tarar zafin kunun biyu ɗaya ne har zuwa lamba ta biyar. Kowa zai ce akwai lauje cikin naɗi. A tsohon lissafin babbar fashewa, sassan sama biyu da ke fuskantar juna ba su taɓa samun lokacin da ko haske zai tashi daga ɗaya ya isa ɗaya ba kafin tsohon hasken ya kuɓuta. To wa ya daidaita musu zafi?

Amsar majemi

Alan Guth a Amurka ya buga amsarsa a 1981. Alexei Starobinsky a Tarayyar Sobiyat ya riga ya kawo wani salo nata a 1980, sannan Andrei Linde, da kuma Andreas Albrecht tare da Paul Steinhardt, suka gyara ta a 1982. A Turance sunan da suka ba abin ɗaya ne da sunan hauhawar farashi, wanda duk mai cefane a kasuwar Daura ya san zafinsa, amma "kumburi" ya fi kama ma'anar.

Nazariyyar ta ce a cikin wani ɗan yanki na daƙiƙar farko, ƙanƙanin da sai an raba daƙiƙa gida 1 mai sifili 30 da wani abu a gabansa, wani irin makamashi ya cika ko'ina ya sa sarari ya riƙa ninka kansa. Ana buƙatar ya ninka biyu-biyu kusan sau 87, wato ya ƙaru da 1 mai sifili 26. A wannan ma'auni, ƙwayar gero ɗaya za ta fi faɗin gungun taurarin da rana take ciki fiye da sau 100. Ke nan duk saman da ake iya hange ta fito ne daga ɗan wuri guda da ya riga ya daidaita zafinsa. Kunun Kongolam da na Baure daga tukunya ɗaya aka zubo su.

Aikin majemi ya fi kusa da hoton. Idan ya ja fata ya kafe ta da turaku, tamojin jikinta ya ɓace, ta miƙe sumul. Haka kumburi yake miƙar da lanƙwasar sarari. Kuma ya zo da kyauta: Viatcheslav Mukhanov da Gennady Chibisov sun nuna a 1981 cewa 'yar rawar da kimiyyar kwantam ta ce babu abin da ke rabuwa da ita, in aka ja ta da irin wannan ƙarfi, ita ce za ta zama tabo-tabon da ke cikin tsohon haske.

A nan dole a ba nazariyyar haƙƙinta. Ta ce za a tarar da sarari a miƙe, awon Planck haɗe da na gungun taurari ya same shi a miƙe, da kuskuren da bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba. Ta ce ƙarfin tabo manya da ƙanana zai yi kusan daidai amma manyan su ɗan fi. Akwai lambar da ke auna wannan, wadda za ta zama 1 cif da babu bambanci, kuma sakamakon Planck na 2018 ya ba da 0.965. An faɗi wannan shekaru da dama kafin a samu na'urar da za ta auna shi. Ba ƙaramar nasara ba ce, kuma babu wata nazariyya da ta kama ƙafarta har yau.

Amma kowane majemi ya san ja yana kawar da tamoji ne kawai. In akuya ta yi gyambo tana raye, ko waya mai ƙaya ta yage ta, tabon yana nan a fatar, ja ma ƙara masa faɗi yake yi. Wata fatar kuma ta riga ta lalace, ana ja za ta yage.

Fatar da ba ta jawuwa

Tambayar farko ita ce ko kumburin zai ma iya tashi daga kowane irin yanayi. An kawo shi ne domin ya bayyana santsin samaniya ba tare da an ɗauka cewa da santsinta ta faro ba. Idan kuwa sai an samu wuri mai santsi kafin ya tashi, to an tura matsalar baya ne kurum. Roger Penrose na Jami'ar Oxford ya daɗe yana wannan suka tun shekarun 1980. Lissafin da Dalia Goldwirth da Tsvi Piran suka yi da kwamfuta a wajajen 1990 ya nuna cewa hargitsi mai yawa yana iya hana kumburi tashi.

An sake komawa kan batun a tsakiyar shekarun 2010 da kwamfutoci masu ƙarfi da cikakken lissafin Einstein. William East, Matthew Kleban, Linde da Leonardo Senatore sun samu cewa kumburi yana iya tashi ko da sarari ya faro a hargitse. Katy Clough, Eugene Lim da abokan aikinsu sun tabbatar da hakan ga wasu salo, amma sun ga wasu salon suna mutuwa da ɗan hargitsi kaɗan. Wato amsar ta danganta da wane kumburi ake magana, domin ba guda ɗaya ba ne. Salonsa sun kai ɗaruruwa.

Tabon da ya yi sanyi-sanyi

Tambaya ta biyu ta fi daɗi, domin akwai abin da aka gani a sama da ya shafe ta.

Tabo mafi girma a taswirar tsohon haske su ne suka fara fita daga tukunya, a farko-farkon ninkawar da ake iya gani. Ƙananan sun biyo baya. Idan kumburin ya daɗe sosai, ya ninka fiye da abin da ake buƙata nesa ba kusa ba, to duk alamar abin da ya gabace shi an ja ta ta wuce iyakar hangen ɗan'adam, ba za a taɓa ganinta ba. Idan kuwa ya yi daidai wa daida ne, bai wuce abin da ake buƙata da yawa ba, to manyan tabon nan suna ɗauke da sawun lokacin da kumburi bai gama zama da gindinsa ba.

Abin da aka tarar shi ne manyan tabon sun fi rauni fiye da yadda lissafi mafi sauƙi ya yi hasashe. COBE ya fara hango haka, WMAP ya sake gani a 2003, tawagar Planck kuma ta ba da rahoto a 2013 cewa akwai giɓin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a manyan ma'aunai. A 2003 ɗin Carlo Contaldi, Marco Peloso, Lev Kofman da Linde suka nuna cewa idan makamashin kumburi ya faro da gudu kafin ya lafa, irin wannan giɓi zai iya fitowa. Wasu sun samu kwatankwacinsa ta hanyar ɗauka cewa sarari ya faro a lanƙwashe, ko kuma a cike da haske mai zafi. Kowane zato game da "kafin" yana ba da taswira mai ɗan bambanci.

To me ya hana a ce an gano? Ƙarancin samfuri. Salon tabo mafi girma duka lambobi biyar ne kawai suke bayyana shi, kuma sama ɗaya ce, ba a da wata da za a kwatanta. Kamar a aiko mutum ya auna yadda daminar bana ta yi a masarautar Daura baki ɗaya, daga Zango zuwa Sandamu da Mai'aduwa, amma a ba shi gonaki biyar kacal. In uku daga ciki ba su yi kyau ba, zai yiwu damina ce ta gaza, zai kuma yiwu rashin sa'a ce ta kai shi gonakin da fari ya taɓa. A irin wannan ma'auni, ƙarin kyawun na'ura ba ya ƙara yawan gonakin. Giɓin ya isa ya sa a ɗaga gira, bai isa a yanke hukunci ba. Mai gaskiya a cikin masana haka yake faɗa, ko yana goyon kumburi ko yana sukarsa.

Akwai kuma wani zato da ke ɓoye can ƙarƙashin lissafin, wanda ɗalibi zai iya gama karatu bai lura da shi ba. Domin a fitar da lamba irin 0.965, sai an ɗauka cewa rawar kwantam ɗin nan ta faro ne a yanayi mafi natsuwa da zai yiwu. Ana kiran wannan yanayi da sunan Bunch da Davies, waɗanda suka yi aiki a kansa a 1978. Zato ne mai ma'ana, kuma awo bai ƙaryata shi ba. Amma Jérôme Martin da Robert Brandenberger sun ja hankali a 2001 cewa in aka bi sawun tabon baya sosai, ana isa ƙanƙantar da dokokin fiziks da aka sani ba su da tabbacin aiki a cikinta. A wurin, zaton natsuwa ba sakamakon lissafi ba ne, zaɓi ne da aka shigar da hannu. A sauya shi, hasashen ya ɗan motsa.

Hausawa suna cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Masana suna riƙe da hoton Juma'ar, kyakkyawa kuwa, amma Larabar zato ake yi.

Kafin kumburi akwai wani abu

Wani zai ce a huta, a ɗauka kumburin bai da farko. Guth da kansa, tare da Arvind Borde da Alexander Vilenkin, sun toshe wannan ƙofa a 2003, inda suka nuna cewa sararin da ke faɗaɗa a matsakaicin lissafi ba zai miƙe baya har abada ba. Akwai iyakar da bayanin kumburi yake tsayawa, a nemi wani bayani daban.

'Yan takara suna da yawa. Vilenkin a 1982, da James Hartle tare da Stephen Hawking a 1983, sun kawo hanyoyin da kimiyyar kwantam za ta bayyana farawar sarari. Abhay Ashtekar da abokan aikinsa sun nuna a 2006 cewa a tasu nazariyyar wani sarari ne ya tsuke ya kai maƙura sannan ya yi tsalle ya buɗe, kuma daga baya suka lissafa irin sawun da tsallen zai bari a manyan tabo. Steinhardt, wanda yana cikin maginan kumburi, ya juya masa baya, shi da Neil Turok ɗan Afirka ta Kudu suka gina nazariyyar samaniya mai maimaita kanta. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da awo ya tabbatar.

A nan ne wasu masu bidiyo suke saurin tsalle. Wannan ya ɗauki sakamakon 2003 ya ce kimiyya ta tabbatar da addini, wancan ya ɗauki maganar Hawking ya ce ta rushe shi. Dukansu sun ɗora wa lissafin kayan da ba zai iya ɗauka ba. Sakamakon Borde da Guth da Vilenkin ya nuna inda wani bayani ya ƙare ne, bai faɗi abin da ke bayan wurin ba. Lemaître, duk da limami ne, bai ji daɗi ba lokacin da Fafaroma Pius na 12 ya danganta babbar fashewa da halitta a wani jawabi a 1951. Ya san cewa imanin da aka jingina da sakamakon awo zai riƙa rawa duk lokacin da awon ya motsa.

Ranar da ƙura ta yaudari masana

Awo kuwa yana motsawa. A ranar 17 ga Maris, 2014, tawagar BICEP2 mai na'urar hangen nesa a ƙuryar kudancin duniya ta sanar cewa ta ga wani murɗaɗɗen salo a cikin tsohon haske, irin wanda girgizar sarari a lokacin kumburi za ta bari. Duniya ta ɗauka. An nuna bidiyon da aka je har gida aka yi wa Linde albishir. Kafin shekara ta zagayo, nazarin haɗin gwiwa da tawagar Planck a farkon 2015 ya nuna cewa ƙurar da ke cikin gungun taurarin da duniya take ciki za ta iya bayyana abin da aka gani.

Mutumin Daura ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan. Duk wanda ya fita duban jinjirin wata a lokacin hunturu ya san abin da hazo yake yi wa ido, da yadda mai ɗokin gani yake ganin abin da babu. Abin yabo shi ne masanan sun karɓi gyara a bainar jama'a, suka ci gaba da aiki. Sakamakonsu na 2021 ya nuna cewa in ma girgizar tana nan, ƙarfinta bai kai 0.036 ba a ma'aunin da suka ce 0.2 a 2014. Wannan kaɗai ya kori wasu salon kumburi da aka daɗe ana koyarwa a aji.

A watan Fabrairun 2017 rigimar ta fito fili. Anna Ijjas, Steinhardt da Abraham Loeb sun rubuta a mujallar Scientific American cewa kumburi yana iya ba da kowane irin sakamako in aka sauya yanayin farko da salon makamashin, don haka ba a iya gwada shi. Masana 33, cikinsu har da Guth, Linde da Hawking, suka mayar da martani da wasiƙa mai zafi, suna lissafa hasashen da aka yi kuma awo ya gaskata.

Kowane ɓangare ya wuce gona da iri a wani wuri. Masu suka sun yi kuskure da suka nuna kamar nasarorin ba komai ba ne, domin salon da awo ya kora shaida ce cewa ana gwadawa. Amma sun yi gaskiya a abu guda, kuma shi ne abin da ake yawan ɓoyewa: kowane hasashen kumburi yana da "idan" a gabansa. Idan ya tashi, idan ya daɗe yadda ake buƙata, idan rawar kwantam ta faro a natse, to ga abin da za a gani. Cire wannan "idan" ɗin shi ne yake mayar da kimiyya tatsuniya.

Abin da ya shafi Daura

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan wanda ke fama da tsadar taki da abin da ya faru kafin daƙiƙar farko. Ruwansa yana wurin 'ya'yansa. Daura ta samu manyan makarantu cikin 'yan shekarun nan: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya da aka aza harsashinta a Disambar wannan shekarar, ga kwalejin da ke ɗauke da sunan Dokta Yusufu Bala Usman, masanin tarihin da ya yi suna wajen ƙin karɓar labarin asali ba tare da an tuhume shi ba. Ba don ilimin taurari aka gina waɗannan makarantu ba. Amma injiniyan da za a yaye a can, ko gada zai lissafa ko layin dogo, aikinsa zai tsaya ne a kan tambaya iri ɗaya: me aka ɗauka a farkon lissafin, kuma me zai faru in zaton bai yi daidai ba? Ɗalibin da aka saba masa da haddar amsa ba tare da sharaɗinta ba, shi ne zai kwafi lissafin da aka yi domin ƙasa mai dutse ya aza a kan rairayi.

Malamin fiziks a sakandare a Zango ko Baure ba ya buƙatar dakin gwaji domin ya gyara wannan. In ya zo darasin asalin samaniya, ya raba allo gida biyu: abin da aka auna a gefe ɗaya, abin da aka zata a ɗaya gefen. Zafin digiri 2.7 da shekara 380,000 su tafi gefen farko. Tsawon kumburi da abin da ya gabace shi su tafi na biyu. Yaron da ya ga wannan rabo sau ɗaya zai fi wuyar yaudara ga mai bidiyon da ya ce masana sun gama gano komai, da kuma wanda ya ce duk ƙaryar Turawa ce.

Ga wanda ya kai jami'a kuma, ƙofar ta fi yadda ake zato buɗewa. Najeriya ba ta da na'urar da ke auna tsohon haske. Irinsu suna can hamadar Atacama ta ƙasar Chile, inda cibiyar Simons take a tsaunin da ya haura mita 5,000, da ƙuryar kudancin duniya, Japan kuma tana shirin harba tauraron LiteBIRD domin farautar murɗaɗɗen salon nan. Amma bayanan Planck a buɗe suke a intanet kyauta. Manhajojin CAMB da CLASS, waɗanda masana ke amfani da su wajen lissafa taswirar da kowane zato zai haifar, su ma kyauta ne, kuma ƙaramar kwamfuta tana ɗaukar su. Ɗalibin fiziks a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma zai iya rage ƙarfin manyan tabo a lissafin, ya ɗora sakamakon a kan awon Planck, ya ga da idonsa dalilin da ya sa giɓin nan ya ƙi yanke hukunci. Wannan ya isa aikin kammala digiri, kuma ya fi kwafar babi daga tsohon kundin wani.

Hanyar gaba ma akwai ta. Hukumar NASRDA da aka kafa a 1999 tana da cibiyar binciken sararin samaniya a Nsukka. Cibiyar ICTP da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 an yi ta ne domin masana daga ƙasashe masu tasowa. Turok ɗin nan mai sukar kumburi shi ne ya kafa cibiyar lissafi ta AIMS a Cape Town a 2003, wadda yanzu take da rassa a Senegal, Ghana, Kamaru da Ruwanda, kuma tana ɗaukar ɗaliban Afirka da tallafin karatu. Abin da ake nema a wurin mai shiga shi ne lissafi mai ƙarfi da ɗan sanin rubuta manhaja. Waɗannan biyun ana iya koyonsu a Daura, in akwai wutar da za ta caja kwamfutar da malamin da zai zauna da ɗalibi.